Daga Ayari Zuwa Jarumi Guda: Nazari Kan Wasannin Final Fantasy

Duk wanda ya taɓa zama da masu buga Final Fantasy ya san gardamarsu da ba ta ƙarewa: na shida ne ya fi, ko na bakwai? Raba wannan gardama yana da wuya, domin wasannin ba ci gaban juna ba ne. Tun na farko da kamfanin Square na Japan ya fitar a 1987 a ƙarƙashin Hironobu Sakaguchi, kowace lamba da duniyarta take zuwa, da mutanenta, da labarinta. 'Yan uba ne, kowa da ɗakin uwarsa. Abin da suka gada tare bai taka kara ya karya ba: tsuntsun nan mai kama da jimina da ake hawa, wato chocobo, da wani mai suna Cid wanda galibi gwanin jirgin sama ne, sai kiɗan Nobuo Uematsu a wasannin farko.

Masu gardamar sun fi kafa hujja da daɗin labari ko kyan hoto. Ni kuwa ma'aunina ɗaya ne: mutum nawa ne a hannun mai wasa idan faɗa ya kaure?

A wasan farko mayaƙa huɗu ne ke jeruwa a gefe guda, dodanni a ɗaya gefen. Kai za ka zaɓa wa kowa aikinsa, wannan ya kai sara, wancan ya yi sihiri, wani ya ba da magani. Wasan yana jiranka kamar abokin dara, ko shayi ka tashi haɗawa ba abin da zai motsa. A 1991, cikin na huɗu, Hiroyuki Ito ya kawo tsarin da kowane mayaƙi ke da agogonsa, dodo kuma ba ya jiran ka gama tunani. Gaggawa ta shigo, amma har yanzu kai ne madugu, ayarin duka a hannunka yake.

Na shida, na 1994, shi ne ya kai wannan tsari ƙololuwa. Mutum goma sha huɗu ake iya sarrafawa, kuma da wuya ka nuna ɗaya ka ce shi ne jarumin. A tsakiyar labari mugun wasan, Kefka, ya yi nasara: duniya ta wargaje, ayari ya watse. Sai ka tsinci kanka da mace ɗaya, Celes, a wani tsibiri, daga nan ka shiga bin garuruwa kana neman abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba dole ba ne ka nemo su, kana iya zuwa faɗan ƙarshe ba tare da su ba. Amma wa zai iya? Ka yi sa'o'i kana koya wa kowannensu sihiri, ka san hannunsa, ka san rauninsa. Ba labarin ne ya gaya maka kana kewarsu ba, a fagen faɗa kake jin giɓin. (Mutanen Amurka sun daɗe suna kiran wannan wasa na uku, domin an tsallake musu wasu lambobi, abin da ya ƙara dagula gardamar.)

Na bakwai ya fito a 1997 a kan PlayStation, cikin faifai uku, kuma shi ya kai sunan ko'ina a duniya. Birnin Midgar da kamfanin Shinra mai zuƙe ran ƙasa yana sayar da shi a matsayin lantarki sun cancanci yabon da suke sha. Sai dai an rage mayaƙa zuwa uku, kuma duwatsun sihirin da ake kira materia ana iya cire su daga wannan a maƙala wa wancan, har bambancin da ke tsakanin mutanen ya ragu. Duk da haka, abin da aka fi tunawa da shi a wasan, wato kisan Aerith, ɗaya daga cikin mayaƙanka, ya yi zafi ne saboda ba a hoto kawai ta mutu ba. Wanda ya raine ta, ya dogara da ita wajen warkar da 'yan'uwa, ya buɗe jerin mayaƙansa ya tarar babu ita, kuma ba ta dawowa.

Na goma, na 2001, ya koma bi da bi, ya jera maka wanda zai motsa bayan wane, ya bar ka kana sauya mayaƙa a tsakiyar faɗa. Kowa da ranarsa: Wakka na kakkaɓo masu fiffike da ƙwallo, Auron na fasa masu sulke, Lulu na da sihiri.

Daga nan linzami ya fara suɓucewa. A na sha biyu kana rubuta wa mayaƙa dokoki tun kafin faɗa, su riƙa bi da kansu. A na sha uku shugaba kaɗai kake ba umarni kai tsaye. Na sha shida, na 2023, ya ƙarasa aikin: jarumin, Clive, ne kawai a hannunka, sai karensa Torgal da kake ɗan yi wa ishara. An ɗauko Ryota Suzuki, wanda ya yi aiki a Devil May Cry 5, ya tsara faɗan, kuma ba laifi, faɗan ya ƙayatar. Amma abokan tafiyar Clive sun zama kamar 'yan rakiyar amarya, suna nan, suna magana, ba ruwanka da abin da suke yi.

Hujjar da ake bayarwa ita ce 'yan wasan yanzu ba su da haƙurin jira. Ban gamsu ba. Wasan Dragon Quest, wanda ya girme Final Fantasy da shekara guda, ya riƙe tsarin bi da bi har zuwa na sha ɗaya a 2017, kasuwarsa ba ta mutu ba. Kuma kamfanin da kansa ya warware hujjar a 2020, da ya sake gina na bakwai: kana sara da gudu, ka danna maɓalli lokaci ya lafa, ka zaɓi umarni, ka tsallaka tsakanin mayaƙanka, daga Cloud zuwa Tifa, daga Tifa zuwa Barret da bindigarsa, ka dawo kafin dodo ya sauke hannu.