Ma'anar Fasaha: Nazarin Ra'ayin Heidegger Bisa Noman Karkarar Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne auna ra'ayin Martin Heidegger, masanin falsafa Bajamushe, a maƙalarsa ta 1954 kan fasaha. Cewa ya yi ɗaukar fasaha a matsayin hanyar biyan bukatar ɗan Adam daidai ne, amma bai kai ga ainihinta ba. Don haka sai ya koma ga sababai huɗu na Aristotal, watau abin da aka yi abu da shi, da siffarsa, da manufarsa, da wanda ya yi shi.

Wannan ma'auni ya dace da garma. Ƙarfe da ƙota su ne kayanta, lanƙwasar bakinta ce siffa, huɗa ce manufa, maƙeri kuwa shi ya haɗa ukun. Har nan babu ja.

Inda muka saɓa da shi shi ne rabon da ya yi wa noma gida biyu. A ganinsa manomin dā yakan miƙa iri ga ƙasa ya yi ta kulawa, noman inji kuwa tilasta mata yake yi. To, ina za mu sa manomin Ungogo ko Minjibir ko Gezawa? Binciken Mortimore da Wilson na 1965 ya nuna cewa saboda yawan jama'a a kewayen Kano, gona ɗaya ake nomawa kowace shekara ba hutu. Da rani ana kai taki da toka da sharar birni a mangala bisa jakuna. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. Harawa ta ciyar da tumaki, kashinsu ya koma gona. Wannan ma matsa wa ƙasa ne, sai dai ana biyanta abin da aka karɓa.

Ashe ke nan ba inji ne ya raba fasahohin biyu ba, manufa ce. Manomin nan amfanin bana yake nema, amma kuma yana nufin 'ya'yansa su gaji gona mai rai. Takin zamani shi kaɗai yakan ƙara amfani, amma ba ya gina jikin ƙasar jigawa kamar takin gida.

Saboda haka, muddin muna koya wa ɗalibai cewa fasaha ita ce tarakta, za su fita suna raina ilmin da ya riƙe gonakin iyayensu. Kamata ya yi duk ma'anar da za mu ba fasaha ta amsa tambaya biyu: me take haifarwa, kuma don wa aka yi ta?