Mazubin Sabulun Ruwa Mai Famfo: Sharhi a kan Ƙirar da Ake Cewa Ana Sake Cika Ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin nazari a kan ƙirar wani ɗan ƙaramin abu wanda hannu yake taɓawa sau da yawa a yini, amma ba safai ake tsayawa a dube shi da idon sharhi ba, watau mazubin sabulun ruwa mai famfo a kansa. Za mu taƙaita maganarmu a kan irin wanda ake tallarsa da cewa ana sake cika shi in ya ƙare, ko na wanke hannu ne, ko na wanke kwanoni, ko na goge-goge. Abin da muke son nunawa shi ne, galibin waɗannan mazubai an ƙera su ne domin cikawar farko da ake yi a masana'anta, sa'an nan aka laƙaba musu sunan masu sake cikuwa ba tare da an sake tunani a kan cikinsu ba. Ma'aunin da za mu ɗora su a kai guda ɗaya ne tak: shin mai riƙe da mazubin zai iya juye shi ƙaf, ya wanke duk inda sabulu ya taɓa, ya shanya ya bushe, kafin ya zuba sabo?

2.0 Inda famfon ya samo halinsa

Sabulun ruwa ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1865 wani Ba'amurke mai suna William Sheppard ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙiro wani nau'insa, kuma an shafe shekaru aru-aru ana amfani da shi a asibitoci da masana'antu da makewayin jama'a. Shigarsa gidaje gadan-gadan kuwa sai a 1980, lokacin da Robert Taylor, mai kamfanin Minnetonka a jihar Minisota ta Amurka, ya fito da Softsoap cikin 'yar kwalbar roba mai famfo. Taylor ya san cewa haɗa sabulun ba gagara ba ne, manyan kamfanoni za su kwaikwaye shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka sai ya yi odar famfo miliyan 100 a kan dalar Amurka miliyan 12, kuɗin da ya zarce darajar kamfaninsa baki ɗaya, domin ya cinye abin da masu ƙera famfon za su iya fitarwa, ya bar abokan hamayyarsa da sabulu babu mazubi. Dabarar ta ci, har kamfanin Colgate-Palmolive ya sayi Softsoap a 1987.

Ana yawan kawo wannan labari a azuzuwan koyar da kasuwanci don a yaba wa ƙarfin halin Taylor. Mu abin da ya ja hankalinmu daban ne. Famfon da ake odarsa miliyan ɗari a kan kimanin santi 12 kowane ɗaya, famfo ne da aka yi shi don ya ƙarar da kwalba ɗaya, a jefar da su tare. Wannan shi ne famfon da aka gada, kuma shi ne har yau ake murɗawa a kan kwalaben da aka rubuta musu cewa a sake cikawa.

Ya kamata mu bayyana yadda cikinsa yake, domin sharhin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Akwai siririn bututu da ya nutsa har kusa da gindin kwalba. A samansa akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da fistin da sifirin na ƙarfe marar tsatsa, da 'yar ƙwallo ta gilashi ko ƙarfe ko roba wadda ke aikin bawul. In an danna, fistin ya matse sabulun da ke ɗakin, ƙwallon ta toshe hanyar komawa ƙasa, sabulu ya fito ta hanci, galibi kimanin mililita 2. In an saki, sifirin ya mai da fistin sama, ƙwallon ta ɗaga, sabo ya hau. Sa'an nan akwai wata 'yar kafa wadda iska ke bi ta shiga kwalbar don ta maye gurbin abin da ya fita, in ba haka ba kwalbar za ta lotse. To, iskar makewayi ce ke shiga, wani lokaci har da ɗigon ruwan da ya gangaro daga hannun mai dannawa. Duk waɗannan sassa an datse su cikin juna a masana'anta, ba a yi su don mai gida ya warware ya mayar ba.

3.0 Abin da bincike ya gano a cikin mazubai

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sabulu ba ya ƙazanta, tun da shi ake wanke ƙazanta. Wannan zato kuskure ne. Mafi yawan abin da ke cikin sabulun ruwa ruwa ne, kuma abin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta shi ne sinadarin hana lalacewa da aka zuba masa bisa ƙididdiga. In aka yi ta ƙara sabo a kan tsoho, ko aka surka da ruwa don ya yi auki, wannan kariya tana raguwa, sai ƙwayoyi irin su Serratia marcescens da Klebsiella da Pseudomonas su sami wurin zama. Wannan ne ya sa Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, a ƙa'idojin tsabtar hannu da ta fitar wa asibitoci a 2002, ta hana ƙara sabulu a kan mazubin da bai ƙare ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta maimaita haka a nata ƙa'idojin na 2009.

A 2011 an wallafa bincike guda biyu masu muhimmanci. Na farko, wanda Charles Gerba na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka gudanar, ya auna sabulu daga mazubai fiye da 500 na makewayin jama'a irin waɗanda ake buɗe sama a tsiyaya, ya sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun gurɓata. Na biyu, wanda Carrie Zapka ta jagoranta, ya bi ɗalibai da ma'aikatan wata makarantar firamare, ya gano cewa wanke hannu da gurɓataccen sabulu ya ninka wani rukuni na ƙwayoyin da ke hannunsu har sau 26. Watau yaro ya shiga don ya tsabtace hannu, ya fito da abin da bai shiga da shi ba. Wani bincike na uku da aka wallafa a 2012, wanda aka yi tare da masana na Jami'ar Jihar Montana, shi ne ya fi tayar da hankali ga mai ƙira: an wanke irin waɗannan mazubai, har da sinadarin bilic, amma cikin mako biyu ƙwayoyin suka dawo kamar ba a taɓa su ba. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin suna gina wani siririn yauƙi mai kama da gansakuka a jikin roba, su ɓuya a cikinsa a lunguna da bawul inda wanki ba ya kaiwa sosai.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa a lokacin binciken Zapka ma'aikaciyar kamfanin GOJO ce na jihar Ohayo, wanda sana'arsa ita ce sayar da sabulu cikin rufaffun jakunkuna da ake sauyawa ɗungurungum. Wannan bai rushe alƙaluman ba, amma ya kamata mai karatu ya lura da inda aka karkata akalar shawara. An ce mafita ita ce a daina tsiyayawa, a koma sayen rufaffiyar jaka. A ganinmu, abin da binciken ya tabbatar shi ne cewa mazubin da ba ya warwaruwa ba ya wankuwa. Bai gwada mazubin da aka ƙera tun farko don a kwance shi gunduwa-gunduwa, a wanke, a busar ba. Wannan giɓi na masu ƙira ne, kuma su ne ba su cike shi ba.

4.0 Ƙire-ƙire uku a kan ma'auni

Bari mu fara da kwalbar sabulun hannu ta kamfanin Method na San Faransisko, wadda Karim Rashid ya zayyana a farkon shekarun 2000 da siffar ɗigon ruwa. Babu mai musun kyanta, kuma tana da fa'ida ta zahiri: faɗin gindinta ya sa ba ta kifewa in an danna da hannu ɗaya, kasancewarta garau kuma ya sa ana ganin abin da ya rage. Kamfanin yana sayar da sabulun ƙari. Sai dai wannan siffa da ta faɗaɗa ƙasa ta tsuke sama ita ce ta hana yatsa ko soso kaiwa ga kusurwar gindi, inda ragowar tsohon sabulu ke taruwa saboda bututun ba ya iya zuƙe shi duka. Ƙaramin baki kuma ba ya barin ciki ya bushe da wuri, mai gida ba zai jira kwana biyu ba, zai zuba sabo a kan danshi. An yi ƙirar ne domin idon mai saye a kanti. Hannun mai wanki a gida bai shiga lissafi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu shi ne famfo mai fitar da kumfa, wanda kamfanin Airspray na ƙasar Holan ya yaɗa a shekarun 1990. Shi yana da fistin biyu, ɗaya na iska ɗaya na sabulu, ya gauraya su ya tura ta wata 'yar raga mai ƙananan idanu. Yana rage yawan sabulun da ake kashewa a kowace dannawa, kuma wannan abin yabo ne. Aibinsa shi ne ba ya karɓar sabulu mai kauri, ragar tana toshewa. Don haka mai son ya sake cika shi da sabulun da yake da shi, tilas ya surka da ruwa mai yawa, wanda shi ne ainihin abin da ke karya kariyar da muka ambata. Ƙirar da kanta ce ke tura mutum ga aikata abin da masana suka hana.

Na uku daga Japan yake, ƙasar da sayen sabulun ƙari a leda ya zama al'ada a gidaje. Kamfanin Kao ya fito da wani mariƙi mai suna Smart Holder, inda ba a tsiyaya kome: ledar kanta ake sakawa cikin mariƙin, a ɗaura famfo a bakinta, tana motsewa yayin da ake zuƙe abin ciki. A kan ma'auninmu wannan ya fi sauran nisa, domin sabo ba ya haɗuwa da tsoho a cikin kwalba, kuma kusan babu abin da ke raguwa. Amma famfon da ake ciro wa daga tsohuwar leda a mayar kan sabuwa yana nan da ɗakinsa da ba ya buɗuwa. Ita kuma ledar an yi ta ne da shimfiɗu na roba iri dabam-dabam da aka manne, abin da ya sa narkar da ita don a sake sarrafawa yake da wuya ƙwarai, har Kao da abokin hamayyarsa Lion suka haɗa kai a 2020 don neman hanyar yin haka. Bugu da ƙari, mai mariƙin ya zama ɗaurarren kamfani ɗaya, domin ledar wani ba za ta shiga ba. An guje wa gara, an leƙa gidan zago.

A 2021 kamfanin Aptar ya fito da famfo mai suna Future wanda duk sassansa na roba iri ɗaya ne, babu sifirin ƙarfe, don a iya narkar da shi tare da kwalbarsa. Ci gaba ne, amma ga tambayar yadda za a jefar ya amsa, bai taɓa tambayar yadda za a wanke ba.

5.0 Wanda nauyin ya faɗa wa

Batun ya ƙara girma tun da dokoki suka fara tura jama'a ga manyan mazubai. Alal misali, jihar Kalifoniya ta hana manyan otal-otal raba ƙananan kwalaben sabulu daga farkon 2023. Ma'aikaciyar da aka ɗora wa ɗakuna da yawa ta gyara kafin azahar, in aka ba ta mazubin da ke manne a bango mai buɗewa ta sama, ƙari kawai za ta yi, kuma ba ta da laifi. A garuruwanmu ma, inda mata da yawa suke haɗa sabulun ruwa a gida su sayar a jarka ko a tsofaffin robobin ruwan sha, kusan duk kwalba mai famfo da ta shigo gida ko makaranta ko ɗakin shan magani sai ta sha cikawa sau da dama, ko an rubuta mata haka ko ba a rubuta ba. Rufaffiyar jakar kamfani ba ta isa can, in ta isa ma kuɗinta ya fi ƙarfin mai saye.

Saboda haka abin da muke nema daga masu ƙira ba mai wuya ba ne a fannin aikin injiniya. Baki ya yi faɗin da hannu zai shiga, gindi ya zama mai kwari a tsakiya don bututu ya kwashe ragowa, jiki ya zama garau don a ga gurɓata, ɗakin fistin kuma ya zama mai kwancewa da hannu, ko kuwa a riƙa sayar da shi shi kaɗai da araha don a sauya. Wannan na ƙarshe yana bukatar wuyan kwalba ya bi awon da aka riga aka sani a sana'ar, irin su 24/410 da 28/410, inda lambar farko take nuna faɗin wuya a milimita, ta biyu kuma salon murɗinsa. Awon yana nan, masana'antu da yawa suna bin sa. Kamfanin da ya kauce masa ya yi wa kwalbarsa wuya na daban, ko ya sa wa mazubin bango maɓalli wanda jakarsa kaɗai ke buɗewa, da saninsa ya yi, kuma dabarar Taylor ta 1980 ce ya sake ɗaukowa, ta riƙe ciniki ta hanyar riƙe famfo.