Sharhi a kan "Tatsuniyoyi da Wasanni" wajen koyar da ƙananan yara

A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa "Tatsuniyoyi da Wasanni" cikin littattafai 6. Wannan zamani ya zo daidai da buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, a 1973, inda aka fara koyar da yaran Nijar cikin Hausa. Aikin yana da amfani ga malami, domin ya tattara masa abin da da sai wurin tsofaffi ake samun sa.

Sai dai tatsuniya ba don ido aka yi ta ba. Rubutu ya adana kalmomi, amma ya bar karin waƙa da amshi da tsamin bakin Gizo a waje, alhali kuwa su ne ke riƙe hankalin yaro ɗan shekara shida. Malamin da ya tsaya gaban allo yana karantawa layi-layi, rabin darasin kawai ya bayar. Abin da ya fi shi ne ya haddace labarin, ya rufe littafin, ya zaunar da yara da'ira, ya rera su amsa. Idan ya kai tsakiya ya dakata, ya tambaye su dabarar da suke jin Gizo zai ƙulla. Gobe kuma wani yaro ya maimaita.

Akwai kuma batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da ta Kano, yaron Adar kuwa "hwara" yake cewa, ba "fara" ba. A wannan mataki bai kamata a gyara masa baki ba. Gyara ya jira ranar rubutu.