Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Nazarin Fasahar Nutsarwa

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Cikin shekaru talatin da suka gabata, wani reshe na fasahar zamani ya taso yana da'awar cewa shiga ta kori gani. Wannan reshe shi nake kira fasahar nutsarwa, wato ayyukan da ake ginawa da kwamfuta, waɗanda mai kallo ba ya tsayawa a gabansu kamar yadda ake tsayawa gaban zane. Shigewa cikinsu yake yi, ko dai ta hanyar ɗaura tabarau mai rufe ido ruf, ko kuma ta shiga ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da daɓensa da hasken majigi.

Babban alkawarin wannan fasaha shi ne za ta mayar da kai wani. A shekarar 2015, mai shirya fim Chris Milk ya kira ta na'urar tausayi a wata lacca da ya gabatar a dandalin TED. Hujjarsa ita ce fim ɗin Clouds Over Sidra, wanda ke kai mai kallo sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a ƙasar Jodan, ya zaunar da shi gaban wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12. Matsayina a wannan nazari shi ne alkawarin ba ya cikuwa, kuma ayyukan da suka fi daraja su ne waɗanda suka san haka, suka bar wa mai kallo wata alama da za ta riƙa tuna masa cewa shi baƙo ne. Da wannan ma'auni zan auna ayyuka huɗu.

Muhalli: numfashi da furanni

A shekarar 1995 ne Char Davies, mai zane 'yar ƙasar Kanada, ta nuna aikinta Osmose a birnin Montiriyal. Mai shiga yana ɗaura tabarau, yana kuma sanya wata riga da ke auna numfashinsa da karkatar jikinsa. Idan ya shaƙi iska sai ya yi sama, idan ya fitar sai ya yi ƙasa, idan ya karkata sai ya nufi inda ya karkata. Davies ta samo dabarar ne daga nutso a teku. Cikin kimanin minti 15, mutum yakan ratsa sarari mai bishiya guda, da daji, da tafki, ya shiga cikin ganye, ya gangara har ƙarƙashin ƙasa inda saiwoyi suke.

Abu biyu ne suka ɗaga wannan aiki a idona. Na farko, Davies ta ƙwace sandar sarrafawa daga hannun mai shiga. Hannu shi ne gaɓar kamawa da mallaka, shi ke riƙe gatari. Wanda zai yi tafiya da numfashi dole ya natsu, domin mai haki ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ya kalli komai. Ta haka aikin ya koyar da ladabin zama da muhalli ba tare da ya yi wa'azi ba. Na biyu, wanda ya ci gaba da gangarawa ƙasan saiwoyin zai tarar da layukan rubutun kwamfuta da aka gina wannan duniya da su. Mai aikin da kanta ta ɗaga labule ta nuna masa cewa dajin ƙirarre ne. Wanda ya ga haka ba zai fito yana tsammanin ya ziyarci daji ba. Abin da ya ziyarta shi ne kewar daji.

A ɗaya ɓangaren akwai teamLab Borderless, wanda ƙungiyar teamLab ta buɗe a unguwar Odaiba ta birnin Tokiyo a watan Yunin 2018. Faɗinsa a wancan lokaci murabba'in mita 10,000 ne, kwamfuta 520 da majigi 470 suka riƙa tafiyar da shi, kuma mutum kusan miliyan 2.3 suka ziyarce shi a shekararsa ta farko. Ba na musun gwanintar da ke ciki. Furanni na tohowa a bango, su watse idan an taɓa su, kuma kwamfuta na zana su ne nan take, don haka abin da aka gani yanzu ba ya maimaituwa. Masu aikin suna son nuna cewa babu iyaka tsakanin mutum da sauran halittu. Sai dai furen da ka kashe da hannunka, wani zai maye gurbinsa kafin ka juya. Wannan muhalli ne da ɓarna ba ta barin tabo a cikinsa, alhali matsalar zamaninmu ita ce tabon da ba ya warkewa. Injinan da ke shan wutar lantarki domin furannin su toho an ɓoye su daga ido. Davies ta nuna saiwar aikinta, teamLab kuwa ta binne tata. Shi ya sa mai ziyara ke fitowa da hotuna masu kyau a wayarsa, amma ba a aza masa wani nauyi ba.

Asali: yashi da takalma

Tambayar ko mutum zai iya zama wani ta fi tsanani a Carne y Arena, aikin Alejandro González Iñárritu ɗan ƙasar Meziko, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2017, ya kuma sami lambar Oscar ta musamman a wannan shekara. Ana fara shigar da mutum wani ɗaki mai tsananin sanyi, irin wanda ake tsare bakin haure a kan iyakar Amurka. A ƙasa akwai takalman da aka tsinto a hamada. Nan zai cire nasa takalmin, ya taka yashi da ƙafa tsirara, a ɗaura masa jaka da tabarau. Cikin minti shida da rabi zai tsinci kansa tsakiyar ayarin masu tsallaka hamada da dare, jirgi mai saukar ungulu na haska su, jami'an tsaro na daka musu tsawa.

Duk wanda ya san labarin masu ratsa Sahara ta hanyar Agadas zai ji nauyin waɗannan takalma. Zai kuma yi tambayar da ta dace: shin bai zama cin fuska ba a ce mai tikitin gidan baje-koli ya ɗanɗani wuyar talaka na ɗan lokaci, ya mayar da takalminsa ya tafi shan shayi? Zargin yana da ƙarfi, kuma ban ga ya faɗi gaba ɗaya ba. Abin da ya ceci aikin shi ne bai ba mai kallo matsayin ɗan ayari ba. Yana yawo tsakaninsu kamar fatalwa, idan ya kutsa kansa cikin jikin ɗayansu sai ya ga zuciya tana bugawa, amma ba zai iya miƙa wa kowa ruwa ba. Wannan gazawa ita ce gaskiyar matsayinsa a duniya. Daga nan sai ɗaki na ƙarshe, inda fuskokin ainihin mutanen da suka yi tafiyar ke kallonsa daga allo, kowa da labarinsa a rubuce. A nan ne ake mayar wa masu labari labarinsu. Da babu wannan ɗaki, da aikin ya zama wasan tsoro kawai.

Lafiyar ƙwaƙwalwa: wa ke magana?

Babu inda haɗarin ya kai na ciwon taɓin hankali. Hanya mafi sauƙi ga mai fasaha ita ce ya cika kunnen mai kallo da muryoyi, ya karkata masa bango, sannan ya ce da shi yanzu ya san yadda abin yake. Sakamakon haka ƙarin tsoron marar lafiya ne, da ƙarin ƙyama. Goliath: Playing with Reality, na kamfanin Anagram na Birtaniya, wanda ya ci babbar lambar alƙalai a sashen irin waɗannan ayyuka a bikin Benis na 2021, ya bi wata hanyar. Labarin gaskiya ne na wani mutum da likitoci suka tabbatar yana da ciwon sikizofireniya, ya shafe shekaru a asibitin masu taɓin hankali, daga baya ya sami abokai ta hanyar wasannin kwamfuta a intanet. Tilda Swinton ce ke jagorantar mai kallo da muryarta, amma mai labarin shi ke faɗin abin da ya same shi da bakinsa.

An gina aikin da siffar wasannin kwamfuta, wato duniyar da mutumin ya zaɓa wa kansa, ba wadda cuta ta jefa shi ciki ba. Mai kallo yana zuwa ne inda mai gida ya gayyace shi. Kuma tun da tabarau na sa ido da kunne su gaskata abin da babu shi, mai kallo na fahimtar cewa tasa ƙwaƙwalwar ma ba ta da wuyar yaudara. Wannan darasi ya fi tausayi amfani, domin tausayi kan duba daga sama, shi kuwa wannan yana rage tazarar da ke tsakanin mai lafiya da marar lafiya.

Kammalawa

Wani zai ce idan aka tuna wa mai kallo cewa baƙo ne, an rage masa zafin abin, kuma zafin ne ke sa mutane taimako. Amsata ita ce hawayen da aka zubar cikin tabarau na saurin bushewa, musamman idan mai zubar da su ya ɗauka ya riga ya biya bashinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya fake minti shida bai sani ba, kuma aikin da ya ce masa ya sani ya cuce shi, ya cuci mai ɗakin.

Saboda haka ina ba ɗaliban adabi shawarar kada su auna irin waɗannan ayyuka da yawan majigi ko kaifin hoto, domin injin bana zai tsufa baɗi. Hotunan Osmose sun zama tsohon yayi, amma tambayarsa na nan da ranta. Tambayoyin da muka saba yi wa ƙagaggen labari su ne za mu yi wa wannan fasaha: wa ke ba da labarin, a ina aka tsayar da mai saurare, kuma me aka ɓoye masa domin ya ji daɗi?