Baƙon Shekara Ɗari

A 1995 C. Bawa Yamba, masanin zamantakewa ɗan asalin Ghana, ya wallafa Permanent Pilgrims bayan ya zauna cikin Hausawan Jazira a Sudan. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu a can, amma har yau suna cewa kan hanyar Makka suke. Ya saurare su da mutunci, ya ɗauki niyyar hajjinsu da gaske. Wannan ne ƙarfin littafin.

Inda na rabu da shi: wanda ke kan hanya baƙo ne, baƙo kuwa ba ya gadon gona. An buɗe noman audugar Jazira a 1925, yawancin Hausawa suka ƙare 'yan ƙwadago a gonakin wasu. A Yulin 2022 an kashe fiye da mutum 100 a jihar Blue Nile, bayan Hausawa sun nemi sarautarsu aka ce ƙasar ba tasu ba ce.

Yamba ya bayyana dalilin da suke kiran kansu matafiya. Bai matsa kan wanda sunan ke yi wa amfani ba. Duk da haka a karanta shi.