Garkuwar "Faɗakarwa" Ta Fara Yi Wa Marubutanmu Nauyi

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san yadda shafin farko ya koma. Kafin ka ji sunan jarumar labari sai ka ratsa shingaye: labarin ƙirƙirarre ne, ba a yi shi don cin zarafin kowa ba, in ya yi kama da rayuwarki arashi ne, ga lambar asusu, wadda ta karanta ba ta biya ba ita da Allah. Wasu na kiran wannan tsiwa. A ganina amsoshi ne da aka jera tun ba a yi tambaya ba, don marubutan sun gaji.

Tambayoyin ba sa canzawa. "Malam, to ban da rubutun wane aiki kake yi?" "Yaushe za a mai da shi fim?", sai ka ce littafi bai cika ba sai ya bi ta Kannywood. Ga kuma ɗan uwa mai neman kwafi kyauta, wanda ba zai iya tsayawa gaban mai shayi ya ce a haɗa masa don zumunci ba.

Kan batun kuɗi ina bayan marubuta. Tun shekarun 1980 matasan Kano ke biyan maɗaba'a daga aljihunsu, su ɗauki littafi su kai kasuwa da kansu, kuma a haka *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zagaye Arewa. Yau marubuciya na kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sayi data, ta biya kuɗin caji, sai mutum guda ya saya ya watsa a zaurukan WhatsApp, wani ya karanta a YouTube ba izini. Wadda aka yi wa haka in ta ja Allah ya isa, ban ga laifinta ba.

Tambayar da ta fi ciwo ita ce ta mata: "Anti, ke abin nan ya faru da ke ko?" Abubakar Imam ya sa wa jarumin *Ruwan Bagaja* suna Alhaji Imam tun gasar 1933, amma ba wanda ya zarge shi da aikata ƙetar da ake yi da Malam Zurƙe. Matar aure kuwa ta rubuta labarin saki ko na kishiya, kafin ka ce kwabo magana ta kai gidan surukai. Shi ya sa da yawa ke fakewa da Maman wance ko Oum wane. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta taimaka a nan, don ta fito da mata bainar jama'a da sunayensu a matsayin masu ƙirƙira.

Inda na saɓa da 'yan uwana shi ne amsar da suke ba masu cewa littattafansu ke ɓata tarbiyya. Kullum amsar ɗaya ce: faɗakarwa muke yi. Na san mafarinta. An yi shekaru ana muhawarar Adabin Kasuwar Kano a jaridu, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Wanda ya ga haka dole ya nemi garkuwa.

Sai dai garkuwar ta shige cikin labaran ta zauna. Muguwar kishiya lallai ta haukace a babin ƙarshe, ko mota ta kife da ita a hanyar dawowa daga wurin boka, ta tona wa kanta asiri a gadon asibiti. Marubuci na rubutu yana waiwayen mai zarginsa, mai zargin kuwa bai ma karanta ba. *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya ƙare da sakayya, amma abin da ke tsayawa a ran mai karatu Rabi ce, matar da miji ya kora ta kama sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Littafin ya fito a 1990, aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012.

Masu rubuta batsa da sunan soyayya suna nan, su ma da faɗakarwar suke fakewa, har kalmar ta daina bambanta kowa da kowa.

Don haka, marubuta, in an tambayi kuɗin littafi ku faɗi farashi ba kunya. In an ce labarinku ne, ku ce ƙirƙira ce, ku wuce. Ku daina ba da haƙuri a shafin farko kan laifin da ba ku yi ba.