Ra'ayoyin 'Yan Kallo a kan Finafinan Transformers: Tsakanin Kuɗin Ƙofa da Gamsuwa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya da aka yi a Amurka a farkon wannan ƙarni, da wuya a sami waɗanda suka raba kan masu sharhi da 'yan kallo kamar jerin finafinan Transformers, waɗanda Michael Bay ya ba da umarnin guda biyar daga cikinsu tsakanin 2007 da 2017. Masu sharhi sun yi ta kushe su, jama'a kuwa suka yi ta cika gidajen silima. Wannan ya sa ake yawan yanke hukunci iri biyu. Wasu su ce 'yan kallo ba su san abu mai kyau ba, wasu kuma su ce masu sharhi ne suka yi nisa da jama'a. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa duka hukunce-hukuncen biyu sun ginu ne a kan zato ɗaya mai rauni, wato ɗaukar kuɗin da fim ya tara a matsayin ra'ayin waɗanda suka kalle shi. Za mu bi tarihin finafinan, mu duba ma'aunan da ake amfani da su, sa'an nan mu tsamo abin da 'yan kallo suka daɗe suna faɗa da bakinsu.

2.0 Asalin Labarin

Labarin Transformers a kasuwa aka haife shi. A 1984 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wasu kayan wasan yara da ya samo daga kamfanin Takara na Japan, wato mutum-mutumi da ake naɗewa ya rikiɗe ya zama mota ko jirgi ko bindiga. Domin a tallata su sai aka ƙaga masu labari, aka mayar da shi zane mai motsi a talabijin daga 1984 zuwa 1987. Jigon labarin shi ne yaƙi tsakanin rundunoni biyu na samudawan ƙarfe daga wata duniya mai suna Cybertron: Autobots a ƙarƙashin Optimus Prime, masu kare 'yan Adam, da Decepticons a ƙarƙashin Megatron, masu neman mulki ta kowace hanya.

Fim na 2007, wanda Steven Spielberg na cikin manyan masu shirya shi, ya ɗauki wannan jigo ya haɗa shi da labarin wani saurayi, Sam Witwicky, wanda ya sayi motarsa ta farko ba tare da sanin cewa Bumblebee ne, ɗaya daga cikin Autobots, ya ɓad da kama ba. Rundunonin biyu suna neman wani abu mai suna AllSpark da ke iya hura rai a cikin na'ura. An kashe kimanin dala miliyan 150 wajen yin fim ɗin, ya kuma tara fiye da dala miliyan 700 a duniya.

3.0 Ma'aunai Uku

Idan aka ce "jama'a sun so fim kaza", akan dogara ne da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na farko shi ne kuɗin ƙofa. Na biyu shi ne makin da kamfanin CinemaScore yake tattarawa daga bakin waɗanda suka fito daga silima a daren farko a Amurka, daga A+ zuwa F. Na uku shi ne maganganun da ma'abota labarin suke yi a tsakaninsu, waɗanda ba su da adadi amma suna da dalilai. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai abin da yake aunawa da abin da ya gagare shi.

Kuɗin ƙofa kafin kallo ake biyan sa. Wanda ya fito yana murna da wanda ya fito yana tsaki kuɗi ɗaya suka biya, kuma littafin lissafi ba ya bambanta su. Ashe ke nan abin da kuɗin yake nunawa shi ne ƙarfin talla da ɗokin da aka shiga da shi. Daɗin daɗawa, farashin tikiti yana sauyawa. Fim na uku, Dark of the Moon na 2011, ya haura dala biliyan ɗaya, amma an nuna shi ne da fasahar da ake sa tabarau na musamman don a ga hoto kamar a taɓa, wadda tikitinta ya fi tsada. Saboda haka ƙarin kuɗi ba lallai ya zama ƙarin mutane daidai da shi ba.

Makin CinemaScore ya fi kusa da ra'ayi, to amma waɗanda suke ruguwa silima a daren farko galibi su ne waɗanda suka fi ƙaunar labarin tun asali. Wannan ne ya sa masana harkar suke ɗaukar B+ a irin wannan babban fim a matsayin alamar sanyin gwiwa. Fim na 2007 ya sami A. Na biyu, Revenge of the Fallen na 2009, ya sauko zuwa B+, alhali kuwa kuɗinsa ya haura na farko, ya wuce dala miliyan 830. A nan ma'aunai biyu sun fuskanci gabas da yamma a kan fim ɗaya.

4.0 Fim na 2009 a Matsayin Zakaran Gwajin Dafi

Shi wannan fim na biyu ne ake yawan kafa hujja da shi cewa 'yan kallo da masu sharhi sun yi hannun riga. Roger Ebert, sanannen mai sharhi na Chicago, wanda ya ba na farko taurari uku cikin huɗu, tauraro ɗaya tak ya ba na biyu. Fim ɗin kuma shi ya karɓi lambar Razzie ta fim mafi muni na shekarar. Duk da haka ya kasance cikin waɗanda suka fi tara kuɗi a 2009.

Amma idan muka saurari ƙorafe-ƙorafen ma'abota labarin, za mu tarar sun yi kama ƙwarai da na masu sharhi. Sun koka a kan tsawon fim ɗin, wanda ya kai kimanin sa'o'i biyu da rabi. Sun koka a kan barkwancin batsa da ba ya ciyar da labari gaba. Da yawa sun ƙyamaci tagwayen nan Skids da Mudflap, waɗanda aka zana su da salon magana da siffofi da aka ga cin fuska ne ga baƙaƙen fatar Amurka, kuma ba a sake ba su wani matsayi a fim na gaba ba. Zubi da tsarin labarin ma sun yi sako-sako, abin da ke da alaƙa da yajin aikin marubutan finafinai na Amurka daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, wanda ya faɗo daidai lokacin da ya kamata a rubuta shi. Shi kansa Bay daga baya ya amince cewa fim ɗin bai yi armashi ba.

Akwai kuma wuri guda da ake yawan yabawa a cikinsa, wato faɗan da aka yi a cikin daji, inda Optimus Prime shi kaɗai ya tunkari abokan gaba uku don ya kare Sam, har aka kashe shi. Wannan yabo yana da abin koyarwa. A wannan fitowa ɗan kallo ya san wanda ke faɗa, ya san abin da ake faɗan dominsa, yana kuma iya bin kowane sara da idonsa. Mai kallon dambe ma idan bai iya bambanta ɗan Kudu da ɗan Guramada a cikin fage ba, to ƙura kawai yake kallo. Babban ƙorafin da aka yi ta maimaitawa a kan finafinan Bay shi ne cewa yawancin Decepticons launin toka ɗaya gare su, jikinsu tarin gutsattsarin ƙarfe ne, ga kuma saurin yanka hoto da girgiza kyamara, har mutum ya kasa tantance wa ya doki wa.

5.0 Abin da 'Yan Kallo Suke Karewa

Wannan ya kawo mu ga zuciyar takardar. Tun kafin Bay, ma'abota wannan labari sun nuna abin da suka ɗauka da muhimmanci. A fim ɗin zane na 1986 an kashe Optimus Prime tun kafin labari ya yi nisa, saboda kamfani yana son share fage ga sababbin kayan wasa. Yara suka shiga damuwa, iyaye suka rubuta wasiƙun koke, har sai da aka dawo da shi da rai a talabijin a 1987. Kamfanin ya ɗauka kaya yake sayarwa, ashe yaran gwarzo suke gani, mai kamun kai da riƙon amana.

Shekaru ashirin bayan haka waɗannan yara sun zama manya, su ne kuma suka fi ɗaga murya lokacin da ake shirya fim na 2007. Sun yi jayayya a kan harsunan wuta da aka zana a jikin Optimus, da mayar da Bumblebee daga ƙaramar Volkswagen zuwa Chevrolet Camaro, a fim ɗin da kamfanin General Motors ya samar wa motoci. Abin da ya fi kwantar masu da hankali shi ne dawo da Peter Cullen, wanda ya yi muryar Optimus tun 1984. Mutumin da hayaniya da fashe-fashe kaɗai suka kawo shi ba zai damu da muryar wa aka sa ba. Damuwa da murya da launi da siffa shaida ce cewa waɗannan mutane suna kallon samudawan ne a matsayin taurari masu hali, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya san Gizo da halinsa, kuma ba zai yarda a sauya masa shi ba tare da dalili ba.

Daga nan ne ƙorafi na biyu ya taso, wato cewa 'yan Adam sun cinye lokacin fim. A na 2007 sai an yi kusan sa'a guda kafin Optimus ya bayyana. An ba sojojin Amurka fili mai faɗi, ga shi kuwa ma'aikatar tsaron ƙasar ta taimaka da jirage da sansanoni wajen ɗaukar fim ɗin. Akwai dalilin kuɗi a nan, domin kowace daƙiƙa ta hoton mutum-mutumi da aka ƙera da kwamfuta tana da tsada ƙwarai, ɗan wasa mai rai kuwa ya fi araha. Amma sakamakon a fuskar adabi shi ne taurarin da sunansu ke kan fim sun koma baƙi a gidansu.

6.0 Ɗan Kallo Ba Ɗaya Ba Ne

Wajibi ne kuma mu yi hattara da kalmar "'yan kallo" kanta. Fim na huɗu, Age of Extinction na 2014, ya tara kimanin dala biliyan 1.1, amma abin da ya samu a ƙasar Sin, fiye da dala miliyan 300, ya zarce na Amurka, wanda bai kai miliyan 250 ba. An ɗauki wani sashe nasa a Hongkong, an sa 'yan wasan Sin da tallace-tallacen kayayyakinsu. Ke nan a daidai lokacin da jimillar kuɗi take nuna ƙarfi, masu kallo na gida sun riga sun fara janye jiki, sabuwar kasuwa ce ta rufe giɓin. Da aka zo na biyar, The Last Knight na 2017, sai jimillar ta faɗo zuwa kimanin dala miliyan 605, makin CinemaScore kuma ya koma B+. Gajiyar da ta daɗe tana taruwa sai a lokacin ta fito fili a lissafi.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ƙarfafa hujjarmu ta ɗaya gefen. A 2018 Travis Knight ya ba da umarnin Bumblebee, wanda bai kai sa'o'i biyu ba, aka kafa labarinsa a 1987, aka dawo da Volkswagen da siffofin da ido ke iya ganewa, aka gina shi a kan abota tsakanin wata budurwa da mutum-mutumi guda. Masu sharhi da ma'abota labarin suka haɗu a kan yabonsa, amma kuɗinsa bai kai dala miliyan 500 ba. Haka nan fim ɗin zane Transformers One na 2024 ya sami A daga CinemaScore da yabon masu sharhi, ya kuma kasa kai dala miliyan 150. Idan kuɗi shi ne ra'ayi, sai mu ce jama'a sun fi son fim na 2009 a kan waɗannan biyu ninki-ba-ninki, alhali maganar waɗanda suka kalle su ta nuna akasin haka. A namu ganin, wani ɓangare na abin da ya sami finafinan baya-bayan nan bashin finafinan da suka gabace su ne suke biya, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin rarrabe kuɗin ƙofa da makin daren farko da maganar ma'abota labari, mun kuma nuna cewa a finafinan Transformers ukun nan sun sha saɓa wa juna. Abin da ya tsaya bai sauya ba daga 1986 zuwa 2024 shi ne buƙatar 'yan kallo su gane gwarzonsu, su ji muryarsa, su kuma iya bin faɗansa da ido. Wannan buƙata ce ta adabi, wadda ta shafi tauraro da zubi da tsari, ba ta kuma yi nisa da abin da masu sharhi suke nema ba.

Darasin da ke ciki ya shafe mu malaman kwalejojin ilimi, waɗanda ɗalibanmu suke rubuta kundaye a kan karɓuwar finafinai da littattafai. Ɗalibin da ya kawo yawan kwafin da aka sayar ko yawan waɗanda suka shiga kallo, ya ce ga ra'ayin jama'a, rabin aiki ya yi. Kamata ya yi mu tura shi ya tambayi waɗanda suka kalla wace fitowa suka riƙe a zuci, wace ce ta gundure su, da kuma ko za su sake biyan kuɗi idan aka yi na gaba. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gwada wannan hanya a kan wasu finafinan, domin a ga iyakar inda take aiki.